Cunkoso ma haja ne

Masu wa'azin sakin kasuwa, waɗanda ba su gajiya da karanta wa ƙasashen Afirka cewa gogayya tsakanin kamfanoni ita ce ke karya farashi, ita ce kuma ke kare haƙƙin mai saye, ya kamata wata rana a kwashe su a kai su ƙofar Disneyland, a jihar Kaliforniya ta Amurka, a tsai da su cikin layi har rana ta take. A can ne, cikin gidan jari-hujja kanta, aka ƙirƙiro wata sana'a wadda ko dillalin da ya fi kowa wayo a babbar kasuwar Maraɗi bai taɓa mafarkinta ba: a tara mutane fiye da yadda wuri zai ɗauka, a karɓi kuɗin shigarsu, sannan a juyo a sayar musu da hanyar kuɓuta daga turmutsitsin da aka jefa su ciki.

Wuraren da ake magana manyan filayen shaƙatawa ne masu girman gari, cike da lilo iri-iri, da jiragen wasa masu gudu bisa dogo, da shagunan abinci da na tsaraba. Lokacin da Walt Disney ya buɗe na farko a garin Anaheim, ran 17 ga Yuli 1955, kuɗin shiga dala 1 ne (dalar Amurka ke nan, kada a haɗa ta da dalar nan ta tamma biyar), kuma kowane lilo da tikitinsa. A 1982 aka soke wannan tsari, aka koma biya ɗaya a ƙofa. Daga baya katin shekara ya shigo: mutum ya biya sau ɗaya, ya riƙa shiga har shekara ta zagayo. A ido, ciniki ne na arziki. Iyalin da ke zaune kusa, in sun je sau biyar ko shida, sun mai da kuɗinsu, sauran ziyarar duk riba ce.

To amma kowane ɗan kasuwa ya san abin da ake nufi da karɓar kuɗi kafin a ba da kaya. Mai katin shekara bashi ya ba kamfani, bashin da babu ruwa a kansa, babu jingina, babu shaidu. Kuɗin sun shiga asusu tun kafin damina ta faɗi, ko a yi ruwa, ko a yi zafi, ko mutum ya kwanta ciwo. Bayan haka, duk ranar da ya shigo "kyauta", zai sha ruwa, zai ci abinci, yaro zai yi kuka a saya masa hula mai kunnen ɓera. Ranar talata ta tsakiyar karatu, wadda da filin zai wuni fayau, mai kati ne ke cika ta. Shekara da shekaru kamfanonin nan suna lallashin maƙwabtansu da su sayi katin, har Disney ta yarda mazauna Kaliforniya su riƙa biya wata-wata, kamar mai biyan adashi. Masu bin lamarin sun ƙiyasta cewa kafin 2021 masu katin Disneyland sun kai wajen miliyon ɗaya.

Da filin ya cika ya batse, sai aka nemi mai laifi, aka kuma same shi nan take: mai katin shekara. A watan Agusta 2020, shugaban Disney na lokacin, Bob Chapek, ya shaida wa masu hannun jari cewa baƙon da ya taso daga nesa ya kwana biyar ko bakwai ya fi wa kamfani amfani a kan mai kati da ke leƙowa kwana ɗaya ko biyu yana kashe kaɗan. Bayan shekara biyu, rahoton kuɗin kamfanin ya koka da cewa irin mutanen da ke shiga Disneyland ba su ne waɗanda ake so ba, kowa kuwa ya gane da wa ake. Wanda aka roƙa jiya, shi ne ya zama ƙaya yau. Da ma an ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Annobar korona ta ba su damar da suke jira. An rufe Disneyland a tsakiyar Maris 2020, ba a sake buɗewa ba sai ƙarshen Afrilu 2021, kuma a tsakanin, cikin Janairu 2021, aka soke katin shekara baki ɗaya. A watan Agusta aka fito da sabo mai suna Magic Key, hawa huɗu. Na ƙoli, Dream Key, an sa masa dala 1,399, wajen jikka 800 ke nan na kuɗin sefa, kuma tallarsa ta ce babu ranar da aka haramta wa mai shi shiga. Sai dai an ƙara wani sharaɗi: tilas mutum ya kama gurbi ta intanet kafin ya zo. Wata mata da ta sayi katin ta nemi gurbi a watan Nuwamba, ta tarar ranaku da yawa a rufe, har da asabar da lahadi, alhali a waɗannan ranaku ɗin ana ta sayar da tikitin yini ɗaya ga duk mai so. Ashe wuri akwai shi, ita ce dai ba a so, domin kuɗinta sun riga sun shiga aljihu. Ta kai ƙara. A 2023 Disney ta yarda ta biya dala miliyon 9.5 a kashe maganar, ba tare da ta amsa laifi ba. Masu katin sun haura 100,000, kowa ya tashi da dala 67 da ƴan kai. Wanda ya iya lissafi ya ninka 1,399 sau 100,000, zai ga kusan miliyon 140 ne suka shiga, miliyon 9.5 suka fita. Da hukuncin tauye mudu haka yake a kasuwannin ƙasar nan, da babu mudu ko ɗaya da ya rage cikakke daga Gaya har Difa.

Katin ma ba a bar shi ba. A 2022 aka janye Dream Key, aka kawo Inspire Key a kan dala 1,599, mai ranakun da aka hana shiga a lokacin bukin Kirsimeti. Ya fi tsada, ya fi ƙaranci. A watan Oktoba 2024 ya kai dala 1,749, tikitin yini ɗaya kuwa na ranakun cunkoso ya haye dala 200 a karo na farko.

Hujjar da ake bayarwa kullum ita ce, ana ƙara kuɗi ne don a rage jama'a, baƙo ya samu sakewa. Wannan hujja tana da ƙafa ɗaya ta tsayawa, kuma adalci ne a faɗe ta: kowane lilo yana da adadin mutanen da yake iya ɗauka cikin awa guda, babu dabarar da za ta ƙara masa kujera. Amma wanda ke son rage cunkoso da gaske hanyarsa a fili take. Ya ƙayyade yawan katin da zai sayar, ya bayyana adadin, ya kuma bayyana gurbi nawa ya ware wa masu kati kowace rana. Disney takan dakatar da sayar da katin ta sake buɗewa yadda ta ga dama, amma waɗannan alƙaluma ba ta fidda su. Dalilin kuwa shi ne layin kansa ya zama haja.

A 1999 kamfanin ya ƙirƙiro FastPass: mutum ya karɓi ƴar takarda mai sa'a, ya tafi harkarsa, ya dawo ya shiga ba jira. Kyauta ce ga duk mai tikiti, attajiri da talakka. A ƙarshen 2021 aka binne ta, aka maye gurbinta da ta kuɗi, dala 15 a Florida, dala 20 a Kaliforniya, farashin da bai daɗe ba ya fara hawa da sauka gwargwadon yawan jama'a. A ƙarshen 2024 aka ƙaro wata mai suna Premier Pass, wadda a Disneyland ta fara da dala 400 ga mutum ɗaya a yini ɗaya, ban da kuɗin shiga. Tunda kujerun lilo ba su ƙaru ba, duk wanda ya biya ya wuce gaba, kujerar wani ya hau, wannan wanin kuma jiransa ya daɗa tsawo. Tsawon layin shi ne tallar takardar. Ranar da layi ya gajarce, ranar takardar ta mutu. Shin wane ɗan kasuwa ne zai kashe hajarsa da hannunsa? Ma'aikacin da ya karɓi na goro a bakin buro don takardar wani ta riga ta wani fita, sunan aikinsa cin hanci, kuma ya cancanci sunan. A Anaheim ana ba da rasiɗi, ana kiran abin hidima.

Kamfanin Six Flags, mai filayen da suka fi araha, ya nuna ɗaya fuskar. Shi katin shekara ya riƙa zubarwa a farashin da bai fi na shiga sau biyu ba, filayen suka cika da samari. A watan Agusta 2022 shugabansa, Selim Bassoul, ya ce wuraren sun zama gidan renon matasa mai arha, ya ce kuma yana son ya bar masu sayayya a kantunan talakkawa ya koma ga masu ɗan hali. Ya ƙara kuɗi, ya soke rangwame. Jama'a suka ji zagin, suka zauna gida: masu shiga suka ragu da kashi 26 cikin 100 a wannan shekara, daga miliyon 27 da ƴan kai zuwa miliyon 20. Cunkoso ya ragu kamar yadda aka yi alkawari, sai kamfanin ya firgita. Kafin shekarar ta ƙare ya dawo da katin abinci da ya soke, ya koma lallashin waɗanda ya kora. Filin da babu turmutsitsi, ashe, masu hannun jari ba su son ganinsa.

Za a ce ai wasa ne, ba hatsi ba ne, ba magani ba ne, wanda bai iya ba ya zauna gida. Gaskiya ne babu wanda zai mutu don bai hau lilo ba. Amma waɗannan filaye ba da kuɗin kamfani kaɗai aka gina su ba. Garin Anaheim ne ya kashe dala miliyon 108 wajen gina babban gidan ajiye motoci na Disneyland, ya ba kamfanin haya a kan dala 1 a shekara. A Faransa, yarjejeniyar 1987 da gomnatin Jacques Chirac ta sa wa hannu ta ba Disney fili a Marne-la-Vallée, da rancen hukuma, da hanyar jirgin ƙasa har ƙofa, kafin a buɗe wurin a watan Afrilu 1992. Mai biyan lamho ya shimfiɗa dogo da hanya, a 2021 aka fara karɓar kuɗin tsallake layi a hannunsa, a 2023 kuma aka sake tsarin katin shekara, na ƙoli ya tashi daga yuro 499 zuwa 699. Jikka 458 ke nan, kusan albashin wata goma sha ɗaya na ƙaramin ma'aikaci a Nijar bisa mafi ƙarancin albashi na jikka 42. Ranar neman tallafi, filin na jama'a ne. Ranar sa farashi, na mai shi ne. A shekarar kuɗi ta 2024, ɓangaren Disney da ya ƙunshi filayen, da jiragen ruwa na yawon buɗe ido, da kayan tsaraba, ya shigo da fiye da dala miliyar 34.

Saura gogayya, wadda aka ce ita ce maganin komi. A garin Orlando, inda Disney da Universal ke fuskantar juna, Universal ta buɗe sabon fili, Epic Universe, ran 22 ga Mayu 2025. Disney ta yi rangwame ga yara a bazarar, a ba ta wannan. Amma Universal ba ta sa sabon filin cikin katinta na shekara ba lokacin buɗewa, mai kati sai ya sayi tikiti daban, kuma da Oktoba ya zo Disney ta sake ƙara kuɗin nata katin. Kowanensu na da takardar tsallake layi ta sayarwa, babu wanda ya ce zai soke tasa don ya janye baƙin ɗan'uwansa. Suna gasa a kan wane ne ya fi lilo mai ban tsoro, a kan layi kuwa bakinsu ɗaya.

A sauran sassan Amurka ma gogayyar ce ake haɗiyewa. Ran 1 ga Yuli 2024, Six Flags da babban abokin karawarsa Cedar Fair suka zama kamfani ɗaya mai filaye 42, hukumomin hana babakere suka duba suka bari. A yankin Los Angeles, Magic Mountain da Knott's Berry Farm, waɗanda suka daɗe suna jan baƙi ɗaya, suka koma hannun ubangida guda. Mutanen jihar Ohio sun riga sun san ƙarshen irin wannan aure. A 2004 Cedar Fair ta sayi filin Geauga Lake, wanda ke gogayya da nata na Cedar Point, a 2007 kuma ta rufe ɓangaren lilon, ba ta sanar ba sai ƴan kwanaki bayan an gama kakar, ko sallama ba a bari jama'a sun yi ba. Sabon kamfanin ma bai cika shekara ba ya sanar, a watan Mayu 2025, cewa zai rufe Six Flags America da ke jihar Maryland, kusa da birnin Washington. An rufe ƙofar ran 2 ga Nuwamba 2025, filin kuma, wajen hekta 200, aka sa shi kasuwa.