Kafin a sayi mota mai lantarki a Arlit, a fara ƙidaya awoyin wuta

Jama'a, tun ƙarancin esansi na watan Maris 2025, zancen mota mai aiki da lantarki ya shigo kasuwa. Dillali zai ce maka ka huta da layin gidan mai. Gaskiya ne. Amma ni a ganina, kafin a tambayi kuɗinta, a tambayi awa nawa take sha a jikin wuta.

Ga lissafin. Mota mai matsakaicin batir, in an jona ta a wutar bango inda muke cajin salula, sai ta wuce awa 20 kafin ta cika. In an kafa mata na'urar caji ta gida mai kilowat 7, awa 7 zuwa 8 ne, amma sai an ƙara ƙarfin wutar gidan, an sake wayoyi masu kauri, in ba haka ba gobara ake gayyata. Mai saurin nan na minti 30 zuwa 40 kuwa ba kayan gida ba ne, na manyan tashoshi ne.

To Alhaji, ina wutar? Ta Arlit da Akokan daga gawayin Sonichar take zuwa, can Anu Araren kusa da Cirozerin, tashar da ke aiki tun 1981. Ƙarfen uranium ɗinmu ya daɗe yana haska Faransa, mu kuwa mun san ɗaukewar wuta. Daga nan zuwa Agadas wajen kilomita 240 ne. In batir ya mutu a tsakiyar hanya da lodin tumatir, ba a cika shi da jarka. Ga zafi, wanda ke rage wa batir kwana.

Ba cewa nake a guje ta ba. A fara da abin da hannu zai iya ɗauka: babur da adaidaita. Batirinsu ƙarami ne, ƴan awoyi sun ishe shi, kuma allunan hasken rana na iya cika shi. Rana dai ba mu rasa ta ba. A Benin da Togo, kamfanin Spiro musanyar batir yake yi wa ƴan kabu-kabu: ka ba da wanda ya ƙare, ka karɓi cikakke.

Hajiya, ku masu adashi, ku haɗa hannu da ƙungiyar ƴan kasuwa a nemi magajin gari ya ba da fili cikin kasuwa, a kafa rumfar caji mai hasken rana. Sai an haƙa rijiya ake sayen guga.