Gida Biyu, Gobara Ɗaya

Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara. Da wannan tunani ne dubban 'yan Arewa suka gangaro Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal, musamman bayan farin 1973 da na 1984, waɗanda suka karkashe shanu, suka bar rumbuna wayam. To, yanzu ga wata gobara ta taso wadda ba ruwanta da gida biyu, watau ɗumamar duniya.

Asalin abin shi ne hayaƙin fetur da kwal da gas da itace. Yana taruwa a sama, ya lulluɓe duniya kamar bargo, ya hana zafin rana fita. A 2024 an auna zafin da ba a taɓa auna irinsa a duniya ba kafin wannan shekara. Iska mai zafi kuwa ta fi ɗaukar tururi, don haka sai ruwa ya yi jinkiri har shuka ta ƙone, sa'an nan ya zubo a dare ɗaya kamar da bakin ƙwarya.

Ba a nesa ake jin labarin ba. A ambaliyar 2022 mutum fiye da 600 suka rasu, ruwa ya datse hanya a wajen Lokoja, manyan motocin shanu da na kayan gwari suka yi kwana da kwanaki a tsaye. A Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ta ci Maiduguri. A Mayu 2025 ruwa ya halaka mutum fiye da 150 a Mokwa, garin da matafiyin Ikko ya sani sarai. Ita kanta Ikko a bakin teku take, ƙasarta a kwance, ga teku yana ta ƙaruwa.

Gaskiya ne Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi, kuma babban alhaki yana wuyan ƙasashe masu masana'antu. Amma wanda ruwa ya shigar masa ɗaki ba ya zaman jiran Amurka ko Sin. Akwai abin da ke hannun kowane magidanci.

Na farko, wuta. Kowane buhun gawayi da ake saukewa a Agege ko Idi-Araba itace ne da aka sare a dazuka irin na Oyo ko Kwara ko Neja. Uwargida ta rufe tukunya, ta jiƙa wake tun dare, ta kashe garwashi da zarar ta sauke. Mai shayi da mai tsire su nemi murhu mai tsimin gawayi. Riba biyu ke nan, ta daji da ta aljihu. Mahauta kuma su daina babbaka da tayar mota, domin wannan baƙin hayaƙi huhunsu yake fara ci.

Na biyu, kwata. Ledar ruwa da robar abinci da aka jefa yau su ne za su toshe lambatu, ruwa ya dawo ƙarƙashin gado da damina. Tun Janairu 2024 Gwamnatin Jihar Ikko ta hana farar robar nan ta zuba abinci. A bi doka, a je kasuwa da jaka ko kwando, a tara shara wuri ɗaya, kada a ƙona ta.

Na uku, gida. Mai aika kuɗin taki ya haɗa da saƙon a dasa darbejiya, a kuma bar tohon gawo a gona. Manoman Maraɗi da Damagaram sun yi haka tun wajen 1985, har suka farfaɗo da eka miliyoyi, ba tare da jiran kowa ba.

Ya kamata Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa su sa ranar yashe kwata a kowane zango kafin ruwa ya sauka. Hukuma kuma ta turo motocin kwashe shara a kan kari, ta sa ido a kan farashin gas, domin ba a raba talaka da gawayi da baki kawai. Baƙon da ya gyara ƙofar gidansa ya tsare dukiyarsa, ya kuma tsare mutuncin 'yan'uwansa a idon masu gari.