Ruwan pampo a ƙananan garuruwa: darasin Tibiri ga sabon kamfanin NDE

Tun farkon shekarar 2024 gwamnatin Nijar ta karɓe aikin rarraba ruwan sha a birane daga hannun SEEN, wanda kamfanin Veolia na Faransa ke riƙe da kaso mafi tsoka a cikinsa, ta damƙa shi ga sabon kamfanin ƙasa, Nigérienne des Eaux, wato NDE. Jama'a da dama sun yi na'am da matakin. Sai dai muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga wanda ya mallaki pampo, da kuɗin da ake biya a ƙarshen wata, da yawan ɗauke ruwa. Ba a cika tambayar abin da ke cikin ruwan ba, balle wanda ke auna shi.

Mutanen Tibirin Gobir, ƴan kilomita kaɗan daga Maraɗi, sun san nauyin wannan tambaya. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara ba garin ruwan pampo daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa ne garau, ba wari, ba wani ɗanɗano da zai sa a yi shakka. An shafe kusan shekaru 15 ana sha. Sannu a hankali haƙoran yara suka riƙa dafewa, ƙafafu suna lanƙwashewa, gaɓoɓi suna ciwo, wasu ma tafiya ta gagare su. Da aka auna ruwan, sai aka tarar sinadarin fuluwor da ke ciki ya ninka fiye da sau uku iyakar da hukumar lafiya ta duniya OMS ta sa, wato miligiram 1,5 a kowace lita. Dubban yara ne abin ya shafa, ɗaruruwa daga cikinsu sun nakasa. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH da takwararta ta duniya FIDH suka fitar da rahoto a kan lamarin.

Ba wanda ya zuba guba a rijiyar. Fuluwor daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa ya shiga ruwa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, amma idan ya yi yawa sai ya taru a ƙashi, musamman na yaron da ke girma. Abin da ya janyo masifar shi ne daɗewar da aka yi ana ba mutane ruwan ba tare da an dakatar da shi ba. Kuma a lokacin ruwan Tibiri yana hannun SNE ne, kamfanin gwamnati, kafin gyaran fuskar 2001 da ya haifar da SPEN da SEEN. Ke nan kasancewar pampo a hannun ƙasa bai isa ya tabbatar da lafiyar ruwa ba.

Haɗarin ruwan pampo iri biyu ne, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Na farko ƙwayoyin cuta ne masu kawo zawo, da zazzaɓin taifot, da amai da gudawa irin wanda jahar Maraɗi ta yi fama da shi a 2018 da 2021. Sinadarin kulorin da ake sa wa ruwa yana kashe su, tafasawa ma haka. Amma a garin da ake ɗauke ruwa kwana da kwanaki, bututun da ya zama fanko yana iya zuƙo ƙazanta ta inda ya tsage, musamman idan ya bi kusa da kwata ko masai. Daga nan ruwan ya shiga jarkokin ƴan garuwa, ya kwana a randa, kulorin ɗin ya sace. Shi ya sa ruwan da ya bar shato lafiya lau yake iya isa bakin yaro a gurɓace.

Na biyu sinadarai ne irin fuluwor. Kulorin ba ya taɓa shi, tacewa da ƙyalle ba ta cire shi. Tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi, domin ruwa ne ke tashi tururi, shi yana nan. Uwar gida ba ta da abin yi a madafa. Sai dai a rufe rijiyar, ko a gauraya ruwanta da na wata mai ƙarancin sinadarin, ko a kafa matata ta musamman. Duk wannan sai an auna an sani.

A nan ƙananan garuruwa suka fi zama cikin haɗari. Da yawansu ba sa cikin garuruwan da NDE ke kula da su. Ƙaramin shato ne da ƴan pampunan unguwa, ƙarƙashin ƙaramar hukuma, wadda kan ba ɗan kwangila ya tafiyar da su. Hankalinsa ya fi zuwa kan inji ya tashi, kuɗi su shigo. Babban ɗakin awo na ƙasa, LANSPEX, yana Yamai, kuma kai samfurin ruwa daga nesa sai da kuɗi.

Hukumomi kam akwai su: SPEN mai gina kayan aiki, NDE mai rarrabawa, ARSEau mai sa ido, ga ma'aikatun ruwa da na lafiya. Abin da mai shan ruwa bai cika gani ba shi ne sakamakon awo. Da za a wajabta auna kowace rijiya kafin a buɗe ta, a riƙa maimaitawa a kan lokaci, a liƙa takardar a ofishin magajin gari, a karanta ta da Hausa a rediyon karkara, da ɓoye matsala ya yi wuya. Malaman makaranta da ma'aikatan asibitocin karkara su ma suna da rawar takawa: idan yaran unguwa ɗaya suka fara fitar da haƙora masu tabo ja-ja, alama ce da ta kamata a kai gaba tun ƙashi bai lanƙwashe ba.

Yaran Tibiri na wancan lokaci yau magidanta ne da iyaye mata, wasunsu na ɗauke da nakasar har yanzu. NDE ya gaji bututu da shato, ya kuma gaji wannan tarihi. Mai biyan kuɗin ruwa duk wata yana da haƙƙin a faɗa masa abin da yake ba ƴaƴansa.