Remix ba sata ba ne, amma naku sata ne

Daren Asabar a wani biki nan Maraɗi, DJ ya saki kiɗa, samari suka cika fili. Can ƙarƙashin gangar kwamfuta sai na tsinkayi muryar wani tsohon mawaƙi da kakata ke saurara a rediyo. Na matsa na tambayi yaron, waƙar wa ce wannan? Ya ce tasa ce, remix ne. Sau biyar na ji ya kira sunan kansa a ciki. Na tsohon, ko sau ɗaya.

To, tunda aro kalmar kuka yi, mu duba yadda masu ita suke yi. Scissor Sisters, wata ƙungiyar mawaƙan New York a Amurka masu haɗa glam rock da kiɗan rawa, sun ɗauki "Comfortably Numb", waƙar Pink Floyd ta 1979 mai nauyi da kashe jiki, suka maida ita disko. Masoyan Pink Floyd da dama sun ji haushi. A 2004 suka fitar da ɗan faifai mai suna Remixed!, inda Tiga, DJ ɗan Kanada, ya sake juya waƙar da aka riga aka juya. Hannu uku ke nan. Amma har gobe David Gilmour da Roger Waters ne ke rubuce a matsayin masu waƙar, kuma kason marubuci gare su yake zuwa idan an saye ta ko an sa ta a rediyo. Tiga kuwa mai remix aka rubuta shi, shi ke nan.

Ni kiɗansu bai dame ni ba, kuma ban ce ku so shi ba. Lissafin nake nuna muku.

Na san amsar da ake bayarwa a fada, wai gargajiya ta kowa ce. Wace gargajiya? Mutum ne ya zauna ya tsara baitin nan, yana da suna, yana da gari, ƴaƴansa na nan da rai. Wasu kuma su ce ai talla suke yi masa. Tallar da ba a faɗi sunan mai kaya ba? DJ ya karɓi jikkunansa a daren, mai tura waƙa a kasuwa ya karɓi nasa, gidan tsohon ko dala ba ta shiga ba. Mu ne fa masu gasar Dan Gurmu a Tawa, muna tafa wa sunan tsoho guda, muna goge na sauran a waya.

Ku juya, ku ƙara ganga, wallahi wani remix ɗin ya fi min na asali daɗin rawa. Amma ku sa sunan mai waƙa a farko, ku nemi iyalinsa, ku je BNDA, ofishin haƙƙin mawallafa da ke Yamai, ku yi rajista da sunaye biyu. Ni dai biki na gaba zan sake tambaya, kuma wannan karon a makirfon ɗin DJ zan yi ta.