Katanga ta daina rufa asiri

Duk mai sauraren rediyo ya san wannan abu: kana kama tasha a zangon FM, wani ya gitta kusa da eriya sai murya ta shaƙe, da ya wuce ta dawo garau. Mu ma'aikatan rediyo cikas muka ɗauke shi, masana kuwa sun mai da shi ido. Jikin ɗan Adam galibinsa ruwa ne, yana shanye wani ɓangare na igiyar rediyo, yana mai da wani baya. To idan na'ura ta auna wannan canji, sai ta gane akwai mutum, ga inda yake tsaye, ga inda ya nufa, ko da ba ya riƙe da salula, ba a kuma ɗaura masa komai ba.

Cikin shekara ta 2007 ne wani malami ɗan ƙasar Masar, Moustafa Youssef, da abokan aikinsa suka raɗa wa fannin suna. A 2013, a jami'ar MIT ta Amurka, Dina Katabi da ɗalibinta Fadel Adib suka nuna ana iya bin motsin mutane a bayan bango da igiyar Wi-Fi. A 2025 kuma ƙungiyar IEEE mai tsara ƙa'idojin Wi-Fi ta fitar da ƙa'idar 802.11bf, wadda ta share wa akwatin intanet na gida hanyar yin aiki biyu, kawo intanet da lura da motsi.

Amfanin abin ba mu musa shi ba. Bayan girgizar ƙasar Nepal ta 2015, wata na'ura mai suna FINDER, wadda hukumar NASA ta sa hannu wajen ƙera ta, ta jiyo bugun zuciyar mutum huɗu a ƙarƙashin ɓaraguzai, aka tono su da rai. Mu da muka ga yadda ruwan damina ya rusa gidaje a Maraɗi a 2024, da so samu ne, da ƴan kwana-kwananmu na da irinta.

To amma, ƴan uwa, ga inda gizo ke saƙar. Salula kana iya kashe ta, ko ka bar ta gida. Jikinka fa, ina za ka aje shi? Wanda ake aunawa bai sani ba, balle a ce ya yarda. A 2015 jaridar USA Today ta fallasa cewa hukumomin tsaro aƙalla 50 a Amurka sun mallaki wata na'ura, Range-R, da ake kara ta jikin bango ta ji numfashin na ciki, alhali tun 2001 kotun ƙolin ƙasar ta ce ko na'urar auna zafi ba a haska wa gida sai da takardar alƙali. Kamfanin Comcast ma, da ya sa wa masu hulɗa da shi wannan tsari a akwatin intanet, ya rubuta cikin sharuɗɗansa cewa yana iya miƙa bayanan idan hukuma na bincike, ba tare da ya sake sanar da mai gida ba.

Wani zai ce katangarmu ta laka da siminti ta fi bangon Amurkawa kauri, igiyar na raunana kafin ta ratsa. Gaskiya ne. Sai dai akwatin nan ba daga waje yake leƙe ba, mu ne ke sayo shi mu aje tsakar gida. A gidan haya mai ɗaki goma da Wi-Fi guda, wa zai riƙa ganin wanda ya fita da dare da wanda ya kwana ciki? Mai gidan? Kamfani? Al'ummar da ta gina zaure don baƙo ya tsaya ya yi sallama bai kamata ta bar wannan tambaya ga ƴan kasuwa ba.

Nijar na da dokar kare bayanan sirrin jama'a tun 2017, an sabunta ta a 2022. Muna kira gare ta da ta fito ƙarara ta ce motsin mutum da numfashinsa cikin ɗakinsa bayanan sirri ne, jandarma ko ɗan sanda ba ya auna su sai da izinin alƙali, kuma duk akwatin da za a shigo da shi, wannan aiki ya zo a kashe, sai mazauna gidan sun ce a kunna.