Green Street: Dambe Da Rigar Tarbiyya

Masu kare fim ɗin Green Street, wanda Lexi Alexander ta shirya a 2005, hujja ɗaya suke ta nanatawa: wai ai gargaɗi ne, tunda Pete ya mutu a ƙarshe. Ban yarda ba.

A dubi yadda aka jera labarin. An kori Matt daga jami'ar Harvard saboda hodar ibilis ɗin da ba tasa ba ce, ya kasa buɗe baki ya kare kansa. Ya tafi Landan wurin yayarsa, ya faɗa hannun Pete, jagoran 'yan dabar da ke bin ƙungiyar West Ham. Nan ya sami abin da mahaifinsa, ɗan jaridar da kullum yake kan hanya, bai ba shi ba: mutanen da ke kiran sunansa, suke tsaya masa. Wannan ƙishirwa gaskiya ce, kuma duk matashin da ya taɓa zama bare a garin wasu ya san ta. Amma me aka shayar da shi? Naushi. Daga ranar da aka fasa masa baki kyamara ta fara girmama shi, kiɗa ya tashi, tafiyarsa ma ta sauya.

Sannan wa ya biya kuɗin wannan karatu? An kashe Pete, malamin makaranta da yara ke jira a aji. Tommy Hatcher na Millwall, wanda ya kashe shi, shi ma ɗansa ƙarami ya rasa a irin wannan faɗa. Matt kuwa ya koma Amurka da ƙarfin zuciya, ya tunkari wanda ya cuce shi, ya wanke sunansa. Gawa ga talakan Landan, darasi ga ɗan Harvard. Ina gargaɗin yake?

Turawan Ingila sun san ainihin fuskar abin. A filin Heysel na Brussels, ranar 29 ga Mayu 1985, mutum 39 suka mutu kafin wasan Liverpool da Juventus, aka kori ƙungiyoyin Ingila daga gasannin Turai shekara biyar. Shekara huɗu bayan haka Alan Clarke ya yi The Firm, inda ɗan dabar magidanci ne mai aikin yi, ba wanda talauci ya tura ba, har ɗansa ƙarami ya tsinci wuƙarsa ya sa a baki. Babu mai kallon wannan wuri ya yi sha'awar shiga sahu.

Shi kuwa Green Street, yaro zai gama kallonsa yana neman inda ake rubuta suna.