Da-na-sani Ƙeya Ce



Ran nan aiki ya kai ni unguwar Asokoro a nan Abuja, na bi ta titin Yakubu Gowon, inda aka gina sakatariyar ƙungiyar ECOWAS. Ganin sunan nan a allon bakin hanya ya tayar mini da wata tambaya wadda kowane mai rai ke fama da ita, watau yaya mutum zai yi da abin da ya riga ya wuce, wanda ba shi da ikon maido shi?

Janar Gowon ɗan mai wa'azin bishara ne, a Wusasa ta Zariya ya tashi. Yana da shekara 31 mulkin Nijeriya ya faɗo a wuyansa cikin 1966. A hannunsa aka yi yaƙin basasa na wata talatin, wanda ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, da yawansu yara ne da yunwa ta kashe. Ran 29 ga Yuli 1975, yana taron shugabannin Afirka a Kampala, aka hamɓarar da shi. A 1976 aka zarge shi da hannu a yunƙurin juyin mulkin Dimka, ya musa, amma aka tuɓe masa muƙamin soja. Lalle in akwai wanda ya isa ya zauna yana cizon yatsa, to shi ne.

Amma bai zauna ba. Ya koma ɗalibi a Jami'ar Warwick ta Ingila har ya sami digirin digirgir. Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa a 1981. A 1996 ya kafa ƙungiyar addu'a mai suna Nigeria Prays, a 2002 kuma ya roƙi gafarar mutanen Asaba saboda kisan da sojojin tarayya suka yi a garin cikin Oktoban 1967. Ban ce wannan ya share hawayen kowa ba, har yanzu akwai masu ciwo a zuci, kuma suna da hujjarsu. Abin lura shi ne mutumin bai bari jiya ta cinye masa sauran kwanakinsa ba.

Mu Kirista muna da misalin mutum biyu cikin Linjila, waɗanda suka yi wa Yesu Almasihu laifi a dare guda. Yahuza Iskariyoti ya bashe shi a kan kuɗin azurfa talatin. Bitrus kuwa ya yi musun saninsa sau uku kafin carar zakara. Dukansu biyu sun yi nadama. Yahuza ya mayar da kuɗin, amma ya yanke ƙauna daga gafara, ya je ya rataye kansa. Bitrus ya yi kuka mai zafi, amma bai gudu ba. Bayan tashin Almasihu, a bakin Tekun Galili, sau uku aka tambaye shi ko yana ƙaunar Ubangijinsa, daidai da yawan musun da ya yi, sa'an nan aka danƙa masa kiwon garke. Bambancinsu ba girman laifi ba ne. Ɗaya ya riƙe nadamarsa, ɗaya ya kai ta inda ake sauke ta.

To, yaya ake sauke ta? Da fari, mutum ya kira laifinsa da sunansa a gaban Allah, kada ya ɗora wa Shaiɗan ko zamani. Na biyu, in akwai hakkin wani, a mayar. Zakka, mai karɓar haraji a Yariko, da ya tuba sai ya yi alkawarin biyan duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Wanda ya ci kuɗin marayu ya ce ya manta da baya, ba tuba ya yi ba, wayo ya yi. Na uku, kuma shi ne mafi wuya, in an yi waɗannan biyu sai a yarda an sami gafara. Mai ci gaba da hukunta kansa bayan Allah ya yafe, ya mai da kansa alƙalin da ya fi Allah tsanani ke nan.

Na san cikin masu karatu akwai wanda bai je jinyar mahaifiyarsa ba har ta cika, akwai wadda ta bar makaranta, akwai wanda ya furta kalmar da ta kashe aurensa. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Mai tafiya yana ƙoƙarin ganin ƙeyarsa kuwa, rami zai faɗa. Uwar da ta rasu ba ta dawowa, amma akwai tsohuwa a maƙwabta wadda ba ta da mai leƙa ta. A je a gaishe ta yau.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.